Neman Kabarin Kofur Isiyaku a Bayan Hatta

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Al Nahda, wata Juma'a cikin sanyin farkon 2019, ko sallayata ban naɗe ba don Kawu ya riga ya sauka yana jiranmu a jikin mota. Mu uku ne: ni, da kawuna da ya zo Dubai aikin ido, sai abokin aikina na ofishin kago, wato aika kaya, a Al Buteen, wani Badamagare da ya yarda ya kai mu a motarsa. Akwai kuma allon ƙarfe naɗe cikin tsohon bargo, wanda Kawu ya rungume a kan cinya ya ƙi yarda a sa shi a but.

Sai na yi muku bayanin allon nan, in ba haka ba za ku ruɗe tun kafin mu mu ruɗe. Kawu tsohon soja ne, da muƙamin saje ya bar aiki. A maƙabartar garinmu akwai wani ɓangare jikin katangar gabas da ake kira layin sojoji. Duk tsohon sojan da ya rasu can ake kai shi, sauran su sa mai walda ya yanka allo, a shafe shi da koren fenti, a rubuta suna da muƙami da lambar aiki da fari. Kowace shekara in damina ta ɗauke sukan taru da fartanya da gwangwanin fenti, su share ciyawa, su sabunta rubutun da ya goge, sannan su jeru su sara wa mamatan. Tun ina yaro nake kallonsu ta kan katanga. Yanzu allunan sun fi masu sarawar yawa nesa ba kusa ba.

Mutum ɗaya ne a cikinsu ba shi da allo, Kofur Isiyaku, aminin Kawu tun daga horo a Zariya har fagen daga a Laberiya. Da ya bar soja ya samu hanya ya zo ƙasar nan, yana gadi a gonar dabinon wani Balarabe. Fiye da shekara goma sha biyar ke nan aka bugo waya shagon wani ɗan kasuwa a Kano aka ce ya rasu, an binne shi. Babu wanda ya ga gawa, babu wanda ya ga jana'iza, sai kwatancen da ya bi ta bakin mutane kafin ya iso gida: wani ƙaramin gari kusa da Hatta, bayan masallaci, a gindin dutse. Matarsa ta yi takaba, amma bakin mutane bai ƙyale ta ba. Wasu suka ce bai mutu ba, aure ya yi a can ya manta da su. Wasu suka ce a can in baƙo ya mutu ko wanka ba a yi masa. Da wannan ta tsufa. Da ta ji Kawu zai zo Dubai ta taka har gidansa ta ce abu ɗaya take so kafin ta bar duniya, ta ga kabarin mijinta da sunansa a kai, ko a hoto ne. Kawu ya ce mata ta ɗauka an gama. Jirginsa na komawa kuwa washegari ne, wato Juma'ar nan kaɗai muke da ita.

Kawu ya yi shiga ta musamman: farin kaftani, tsohuwar hular soja a karkace, lambobin yabo a ƙirji, ga baƙin tabarau da likita ya ce kada ya cire. Na ce masa, "Kawu, ƙasar mutane ce, kada hular nan ta jawo mana tambaya." Ya ce hular ta girme ni, in kama bakina. Na kama.

Da muka bar dogayen benaye sai gari ya buɗe, rairayi ja wur hagu da dama, an yi wa titi shingen waya saboda raƙuma. Titin kuwa sumul, har Kawu ya riƙa leƙe yana neman rami ɗaya tak da zai kafa hujja da shi, bai samu ba. A Al Madam muka tsaya karin kumallo a irin shagunan shayin nan na mutanen Indiya, inda ake danna hon a kawo maka har mota. Shayin karak dirhami ɗaya, faratha, irin gurasarsu, da ƙwai ba ta fi uku ba. Kawu ya kurɓi shayin ya ce wannan ai kunun madara ne, ya nemi a ƙaro masa.

Daga nan ruɗani ya fara. Badamagaren nan tun a gida yake cika baki cewa hanyar Hatta ko ido rufe zai bi ta. Ashe rabonsa da ita an daɗe. Ba mu yi nisa ba muka tarar da shingen jami'an tsaro, wani matashin jami'i ya karɓi katunanmu ya duba, ya ce mu juya. Wai hanyar tana ratsa wani yanki na ƙasar Oman, baƙi ba sa bi ta nan yanzu. Kawu dai da ya ga kaki sai ya buɗe ƙofa ya fito ya ƙame ya sara. Jami'in ya ɗan tsaya yana kallon hula da lambobi da kaftani, sannan shi ma ya sara, ya ce, "Yalla, Hajji," ya nuna mana baya da ladabi.

A mota Kawu ya ce a fahimtar da shi. Na ce Hatta ta Dubai ce. Ya ce to me ya kawo Oman? Na ce tana tsakani. Ya ce inda muka sha shayi fa? Na ce nan Sharjah ce. Sai ya ce, "Wato mun bar Dubai, za mu Dubai, an hana mu don kada mu fita daga ƙasa." Na ce haka ne, duk da ni ma da na ji shi a bakinsa sai na fara shakka. Na juya na sauke haushina a kan direba, na ce dama wa ya aike ni bin Badamagare. Ya ce, "Bon, Bakano, in ka san hanya karɓi tuƙin." Ban iya mota ba, ya kuma sani.

Muka zaga ta hanyar Kalba, wadda ta fi tsawo amma ta fi kyau. Rairayi ya ƙare, duwatsu suka taso, baƙaƙe masu tsini, babu ko ɗigon kore a jikinsu sai a kwari inda dabino ke cunkushe. Awaki ne kawai ke yawo a kai, ban san abin da suke ci ba. Da muka shiga yankin Hatta na gane girman wautarmu. Kowane ƙauye a nan yana da masallaci, kowane masallaci kuma a gindin dutse yake. Kwatancen da muka riƙo tun daga Kano ya dace da ko'ina.

A wani shataletale Kawu ya hango wani dogon gini da tuta a gefensa, ya ce a tsaya, wannan ginin tunawa da sojoji ne, ba ya wuce irinsa a zaune. Kafin mu yi magana ya fita ya sara. Butar gahawa ce ta siminti, ƙatuwa, irin wadda suke ƙawata titi da ita. Da ya matsa kusa idonsa mai lafiya ya gaya masa gaskiya, ya dawo ya zauna. Direba ya danne dariya, kafaɗunsa suka riƙa rawa har muka bar wurin.

Muka shiga tambaya. Larabcina na kasuwa ne, na iya cinikin kwali da kwantena, ban taɓa neman mamaci da shi ba. Duk wanda na ce wa "Wen maƙbara?" sai ya dafa ƙirji ya yi min ta'aziyya, ya tambayi wanda ya rasu yau. In na ce ba yau ba ne, an daɗe, sai ya dube ni da tausayi irin na daban. Wani ya tura mu wata maƙabarta mai doguwar katanga da ƙofa a kulle. Wani ya mayar da mu inda muka fito. Rana ta ɗaga, na fara tunanin abin da Kawu zai je ya faɗa wa matar nan. Daga ƙarshe wani tsohon ma'aikacin gona, ɗan Pakistan, ya ce ya taɓa jin labarin wani mai gadi baƙar fata a gonakin da ke bayan wani kwari, amma bai riske shi ba. Ya nuna mana hasumiyar masallaci can nesa.

Garin ƙarami ne ƙwarai, gidaje farare jere a layi, gonakin dabino da ruwa ke bi ta cikin ƙaramar kwata ta siminti. Muka ajiye mota muka zaga bayan masallaci. Babu komai sai wani fili mai tsakuwa da duwatsu barkatai, da guntuwar katanga da ba ta kai gwiwa ba, da bishiyar ƙaya guda ɗaya. Muka tsallaka katangar muka ratsa filin, a zatonmu maƙabartar tana gaba. Mu abin da idonmu ke nema shi ne tudun ƙasa, da fasassun tukwane, da alluna, da inuwar darbejiya, da masu haƙa zaune a bakin ƙofa. Muka kai gindin dutsen ba mu ga komai ba, muka dawo tsakiyar filin muka yi cirko-cirko. Direba har ya ɗora ƙafa a kan wani dutse yana gyara takalmi.

Sai muka ji ana kira daga wajen masallaci. Wani dattijon Balarabe ne, fari tas da gemu, da siririyar sanda a hannu, yana ɗaga mana hannu yana cewa, "Shwai shwai, ya Hajji," wato a hankali. Na ɗaga murya na ce, "Wen maƙbara?" Ya miƙa sandar ya nuna ƙafafunmu.

Da na sake duban ƙasa sai na ga abin da na kasa gani: duwatsun ba barkatai suke ba, bibbiyu ne, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, duk sun miƙe ta fuska ɗaya. A kan mutane muke ta yawo tun ɗazu. Direba ya sauke ƙafarsa a hankali yana salati. Muka fito a sanɗa, muna yi wa mutanen da muka tattake sallamar da ya kamata mu yi tun farko. Na daɗe ban ji kunya irin ta ranar ba.

Lokacin Juma'a ya yi, muka yi salla tare da su. Bayan an idar dattijon ya kira liman, wani Bamisire mai ɗan Turanci, aka zauna a inuwar masallaci. Magana ta riƙa bin layi: Kawu ya faɗa min da Hausa, in faɗa wa liman da Turanci, liman ya faɗa wa dattijo da Larabci, amsa ta biyo hanyar ta dawo. Abin da ya zube a hanya Allah kaɗai ya sani. Amma da aka ce tsohon soja, baƙar fata, mai gadin gonar dabino, sai fuskar dattijon ta saki. Ya ce Ishaƙ, wato Isiyaku a bakinsu. Ya miƙe da kansa ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya taka gaba ya juyo, yana nuna yadda mutumin ke maci a ƙofar gona kowace safiya da zarɓar dabino a kafaɗa, yara na bin sa a baya. Ya ce a ƙarshen sahun farko ta dama yake tsayawa, in ladan ya makara shi ke kiran salla.

Kawu ya cire tabarau ya share idonsa, wanda likita ya hana shi taɓawa. Ya ce, "Shi ne. Ko a bariki bai iya zama wuri ɗaya ba."

Na ce a raina an gama. Kawu ya kwance bargo, koren allo ya fito yana ƙyalli, mutanen da suka rage a masallaci suka matso suna kallo. Ya ce a nuna masa kabarin. Dattijon ya kai mu bakin katanga, ya zana da sandarsa a iska daga bishiyar ƙaya zuwa kusurwa, ya ce a tsakanin nan yake. Tsakanin nan kuwa kaburbura ne masu yawa, duk iri ɗaya. Kawu ya ce wanne? Dattijon ya ce bai sani ba. Ya ce mahaifinsa ma a tsakanin nan yake, da ƙanensa wanda shi ma soja ne, kuma ba zai iya rantsuwa a kan dutsen ko ɗaya daga cikinsu ba. Su ba sa rubuta suna. Liman ya ƙara da taushin murya cewa ko da an san kabarin, ba za a bari a kafa allo ba.

Kawu ya ce in tambaye shi, to da me suke tuna sojansu? Dattijon ya nuna wata na'urar ruwan sanyi a jikin bangon masallaci, wadda mu ma muka sha a cikinta kafin salla. Ya ce domin ƙanensa ya kafa ta. Kawu ya je ya zagaya ta, ya duƙa ya duba gefe da gefe, ya dawo ya ce, "Ita ma babu suna." Da aka fassara, dattijon ya nuna sama da yatsa, ya ce Wanda ake so ya sani ya sani. Kawu ya tsaya riƙe da allonsa, ya dubi filin, ya dubi na'urar, ya dube ni. Ban taɓa ganinsa ya rasa abin yi ba sai ranar.

Direba ya matso ya yi ƙasa da murya. "Baba, mu jingina shi a kowane dutse, in ɗauki hoto, mu ɗauke abinmu. Khalas, shi ke nan. Wa zai sani?" Ni ma abin da ke raina ke nan, don tausayin tsohuwar ya cika ni. Kawu ya girgiza kai. Ya ce, "In ɗora sunan Isiyaku a kan uban wani? Ita kuma ta yi ta addu'a tana kallon ƙarya? Kira min ita."

A ƙasar nan kiran bidiyo na wayoyinmu ba ya shiga, don haka ko filin ba za ta gani ba. Na kira layin ɗanta kai tsaye, aka kai mata, na buɗe murya kowa na ji. Kawu ya gaishe ta, ya ce, "Hajiya, na zo, ina tsaye a wurin. Amma ban cika miki alkawari ba. Ba a san kabarin ba, kuma ba a kafa allo a nan." Ya ƙara da cewa, "Sai dai ga wani dattijo da ya san shi."

Ta ce, "Saje, tambaye shi, an yi masa wanka?"

Tambayar ta bi layi ta je. Dattijon ya ɗaga hannayensa biyu ya nuna wa wayar, kamar tana ganinsa. Ya ce shi ya zuba ruwa, limamin wancan lokaci ya yi wankan.

"An yi masa salla?"

Ya ce bayan la'asar, a nan inda muke tsaye, kuma babu namijin da ya rage a gida a garin nan. Mai gonar da 'ya'yansa ne suka sa shi a kabari.

Muka ji numfashinta a waya, sannan kuka marar ƙarfi. Can ta ce, "Alhamdulillahi. Ashe a hannun mutane ya mutu." Ta ce Kawu ya dawo da allon, ba komai. Ta ce a tambayar mata sunan dattijon da na mahaifinsa, tana so ta riƙa sa su a addu'a. Aka faɗa mata, ta maimaita har sai da ya zauna a bakinta.

Kafin mu bar wurin Kawu ya gyara hularsa, ya fuskanci tsakanin bishiya da kusurwa, ya kira muƙami da suna da lambar aiki da ka, da muryar da ban san yana da sauranta ba, ya sara. Dattijon ya miƙe tsaye sosai a gefensa har ya sauke hannu. Sannan muka yi addu'a ga duk wanda ke kwance a filin, tunda ba mu da hanyar ware namu.

Dattijon ya rantse ba za mu tafi ba mu ci abinci ba. Aka kawo shinkafa da naman akuya a babban faranti, da dabino, da gahawa a 'yan ƙananan kofuna. Na manta ban gaya wa Kawu cewa sai ka girgiza kofi ake daina zuba maka ba. Yana shanyewa ana ƙarawa, shi kuma yana ganin rashin ladabi ne ya ƙi, har ya raɗa min cewa in cece shi zuciyarsa na gudu. A hanyar fita muka tsaya wajen masu zumar dutse, muka ji kuɗin ƙaramar kwalba, muka yi musu fatan alheri.

A hanyar dawowa, wajen Maliha, Kawu ya ce zai kafa allon a layin sojoji, kusa da wurin da ya nuna a ajiye masa in tasa ta zo. Sai kuma ya ce bai ma sani ba ko hakan daidai ne. "Nan ga mutum babu allo, can ga allo babu mutum. Sai na tambayi malamai." Da fitilun Dubai suka fara bayyana, muka shiga cunkoson masu dawowa daga hutu, ya juyo ya dube ni da ido ɗayan. Ya ce, "Kai fa? In ta same ka a garin nan, wa zai ce ya san ka?"

Na buɗe baki in ce abokan aiki, in ce 'yan ɗakinmu, sai na tuna rabinsu bizarsu ta kusa ƙarewa, sauran kuma kowa jiran ranar tafiyarsa yake. Muka iso Al Nahda bayan magariba. Washegari na raka shi filin jirgi da allonsa cikin bargo.

Har yanzu ban gama warware tafiyar nan a kaina ba. Ban san wa ya fi daidai ba tsakanin masu fenti da masu dutse, kuma na daina ƙoƙarin yanke hukunci. Abin da na riƙe shi ne, da tsohuwar nan ta samu wanda za ta tambaya, ba ta tambayi allo ba. Abin da ya tsaya wa Kofur Isiyaku shi ne akwai garin da ya san inda yake tsayawa a sahu. Ni kuwa shekaruna a Dubai duk masallacin da ya fi kusa nake faɗawa, ana sallamewa in zari takalmi.

Juma'ar da ta biyo baya na je masallacin bayan gidanmu, aka idar na ƙi tashi. Na miƙa wa mutumin da ke damana hannu, wani ɗan Bangladesh da na sha gani ban taɓa yi wa magana ba, na faɗa masa sunana da garinmu. Ya dube ni a tsorace, da alama ya zaci wani abu zan roƙa. Na riƙe hannunsa na sake faɗa masa, a hankali, har ya maimaita.